Batirin Da Ban Gwada Ba

Akwai abin da na san da shi zan shiga kabari, don babu ranar da zai bar zuciyata. A Sabha ya same ni, can ƙasar Libiya. Shekaru sun tura, gemuna ya yi fari, amma har yau in na tuna sai abinci ya fita kaina. Mutane suna cewa fushi yana tsufa. Nawa bai tsufa ba.

Ni ɗan Damagaram ne. A gida na koyi gyaran rediyo da talabijin, wurin wani dattijo da ya fi shekara talatin yana sana'ar. Na tafi Sabha a shekarun nan da aka ce an buɗe wa 'yan Afirka ƙofa. Kullum zancen rediyo ke nan, wai Afirka uwa ɗaya uba ɗaya, babu iyaka tsakanin ɗan'uwa da ɗan'uwa. A bakin manyan tituna an kafa alluna da taswirar Afirka. Mu dai mun san abin da muka sani. A jikin allo 'yan'uwa ne mu, a ƙasa kuwa in ɗan sanda ya tare ka, shurɗa suke ce musu a can, takardar zama zai fara tambayarka, kuma yawancinmu ba mu da ita. Amma akwai aiki, shi ya sa muke jurewa.

Na sami ɗan shago a unguwar Mahdiya, tsakanin mai facin taya da mai sayar da burodi. Faɗinsa bai wuce in miƙe hannuwana biyu ba. Da fari rediyo da kaset nake gyarawa, daga baya akwatunan dish suka shigo, sai kwamfutocin ofisoshi waɗanda wutar garin take ƙonawa, sai wayoyin hannu. Duk arzikina a kan teburi ɗaya yake: turnabis na kwance kusoshi manya da ƙanana, pinsi, naɗin dalma, madubin ƙara girma, da ƙarfen narka dalma guda biyu, ɗaya mai kauri, ɗaya mai siririn baki na aikin waya. Sai kuma mita ta gwada ƙarfin wuta. Mitata mai allura ce, rawaya, maigidana ya ba ni ranar da zan bar Damagaram. Da zai miƙo mini ita ya ce mai gyara ba mita kamar makaho ne yana yi wa mutane aski. Na yi dariya a lokacin, na ɗauka barkwanci ne.

Kayan gyara kuwa duk wurin mutum ɗaya muke samu, wani Alhaji mai shago a kasuwar Jadid. Dalma, fis, waya, batir, ƙananan kayan ciki, in babu a wurinsa to babu a Sabha sai ka aika Tarabulus. Mutumin garinmu ne, unguwarsu ɗaya da mahaifina, don haka Kawu nake ce masa ko da yake ba mu haɗa jini ba. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya yi mini alheri. Da na sauka ban san kowa ba, a zaurensa na kwana wata guda. Shi ya tsaya mini wurin Balaraben da ke da shagon har ya yarda ya ba ni. In na je wurinsa har ƙasa nake durƙusawa in gaishe shi. Mutum ne mai farar riga kullum, sahun farko a masallaci, in an yi rasuwa a cikin 'yan Nijar shi ake fara nema.

Wata rana da hantsi ya zo shagona da kansa, abin da bai saba yi ba. Ya ce, "Ɗana, wasu tsofaffin rediyoyi aka kawo mini daga arewa, ina so in ware masu rai da matattu. Ara mini mitarka da ƙaramin ƙarfen nan, kwana uku in dawo maka da su." Raina bai so ba. Amma yaya zan ce a'a ga mutumin da na kwana a zaurensa? Na naɗe su a tsumma na miƙa masa da hannu biyu.

Kwana uku suka zama mako, mako ya zama wata. Ina aiki da ido da hanci da lalube, kamar wanda ke neman allura a duhu. Sau biyu ina zuwa Jadid da niyyar in karɓo kayana. Da na zauna ya sa an kawo mini shayi, ya tambayi lafiyar mahaifiyata, ya ba ni labarin ƙuruciyarsu da mahaifina, sai kunya ta ɗaure mini baki in tashi in dawo hannu rabbana. Yanzu in na tuna wannan kunyar ji nake kamar in mari kaina.

A cikin wannan watan ne wani direba ya zo mini. Mutumin Agadas ne, yana jan mota tsakanin Sabha da Dirku har Agadas, ya kai kaya ya ɗauko mutane. Mun saba, don ni nake gyara masa rediyon mota. Dogo ne, ba ya son yawan magana, Hausarsa ta kasuwa ce, namiji da mace duk ɗaya a bakinsa. Usta yake ce mini, yadda Larabawan garin ke kiran mai sana'a. Ya jira har mutane suka ragu, sannan ya zaro wani abu daga cikin rawaninsa ya ajiye a teburi. Wayar sahara ce, mai dogon eriya, irin wadda ke magana da tauraron ɗan'adam. A tsakiyar rairayi, inda babu gari babu rijiya, ita kaɗai ce bakin direba. Hukuma ba ta yarda kowa ya riƙe ta ba, don haka a ɓoye ake riƙe ta, a ɓoye ake gyaranta.

Ya ce, "Usta, waya nan ba ya riƙe wuta. Jibi zan tashi."

Na duba, wayar lafiyarta ƙalau, batirin ne ya mutu, har ya ɗan kumbura. Na ce ya dawo gobe. Da azahar na tafi Jadid. Kawu ya shiga ɗakin ciki, wanda kullum ƙofarsa a rufe take, ya fito da batir biyu a cikin leda mai sheƙi, an manne bakinta, da tambari sabo fil. Ya ce, "Jiya suka iso. Waɗannan ko kwana nawa aka yi a hanya ba za su ba mutum kunya ba." A nan ma na buɗe baki zan ce Kawu mitata, sai wani baƙo ya yi sallama, na haɗiye maganar.

Duk mai gyaran da ya san aikinsa ya san yadda ake gwada batir. Ka cika shi da wuta, ka haɗa masa ɗan ƙwan fitila ya riƙa jan wutar, ka ɗora mita ka zuba wa allura ido. In mai kyau ne allurar za ta tsaya kyam. In ruɓaɓɓe ne, kana kallo za ta fara sunkuyawa. Aikin rabin awa ne. Ni kuwa ba mita, sai na cika su, na sa ɗaya a wayar ta kawo haske, na cire na sa ɗayan ta kawo haske, na ce shi ke nan.

Da direban ya dawo ya juya su a hannunsa, ya dube ni ya ce, "Ka gwada?"

Na ce, "Na gwada."

Waɗannan kalmomi biyu su ne nake ɗauke da su har yau.

A cikin waɗanda za su bi motarsa akwai wani tsoho da na sani, mutumin wajen Matamai. Shekara shida ya yi yana ban ruwa a wata gonar dabino a bayan gari. Bai iya rubutu ba, don haka duk bayan wata biyu yakan zo shagona in ɗauki muryarsa a kaset, a ba matafiya su kai wa iyalinsa. Na san sunayen 'ya'yansa kaf ba tare da na taɓa ganinsu ba. A wannan karon ya ce ya gaji, gwiwoyinsa sun ƙi, gida zai koma ya zauna. Ya biyo ya yi mini ban kwana, ya bar mini dabino cike da kwano.

Sun tafi. Na ci gaba da harkata, na ma manta.

Bayan kamar mako uku, ina cikin kwance wata kwamfuta da safe, sai na ji an tsaya a bakin ƙofa an tare mini haske. Da na ɗaga kai ban gane shi nan take ba. Direban ne, amma ya zama kamar itace. Leɓɓansa sun tsattsage, idanunsa sun faɗa. Bai yi sallama ba. Ya ajiye wayar da batir biyun a kan teburi, ya zauna a benci.

A hankali ya ba ni labarin, yana kallon ƙasa. Bayan sun wuce garin Gatrun ya bar babbar hanya ya yanki wata da ya sani. A rana ta biyu motar ta tsaya. Sun yi ta ƙoƙarin tayar da ita har batirin motar ma ya ƙare. Bai damu sosai ba, don ƙanensa yana Dirku da mota, in ya kira shi ya faɗa masa inda suke, kwana ɗaya ya ishe shi ya zo. Ya kunna wayar, ta kama tauraro, ta yi ƙara, ƙanen ya ɗauka. Ya ce masa, "Mun lalace a..." sai wayar ta ɗauke. Ya sa batir na biyu. Wannan ko tauraron bai kai ga kamawa ba ya mutu. Ƙanen ya san suna cikin wahala amma bai san ta ina zai fara nema ba, ya yi ta bin babbar hanya yana komawa. Kwana biyar suka yi a wurin. Ruwa ya ƙare a na uku, har na injin mota suka sha. Wata babbar mota ce ta masu fataucin dabino ta hango su.

Ya ce, "Mutum biyu ba su kai ba. Wani mace daga Tawa. Da tsoho naka mai kaset."

Na ɗauki ɗaya daga cikin batiran, na sa bakin turnabis a gefensa na murɗa. Batirin bai yi gardama ba, ya rabe biyu, don da gam aka manne shi. A ciki babu abin da ya kamata a gani. Wani tsohon ƙaramin batir ne na wayar hannu, duk ya yi tsatsa, an liƙa masa wayoyi biyu da dalma. Sauran wurin an cike shi da guntun ƙarfe naɗe a takarda don ya yi nauyi a hannu. Na fasa na biyun, duk ɗaya. Na kawo madubi na dubi liƙin dalmar. Ƙanana ne, tsaf, irin wanda sai ƙarfe mai siririn baki yake yinsa. A duk Mahdiya da Jadid na san mutum nawa ne ke da irin wannan ƙarfen.

Na rufe shago. Direban ya biyo ni ba tare da na ce ya zo ba. Ban san yadda ƙafafuna suka kai ni Jadid ba, abin da na tuna kawai kunnuwana suna ta ƙugi. Babu kowa a gaban shagon. Na tsallake teburin ciniki, abin da ban taɓa yi ba, na tura ƙofar ɗakin ciki.

Yana zaune a kan kujera da tabarau a hanci, ya naɗe hannun farar rigarsa. A gabansa tulin tsofaffin batira ne, irin waɗanda ake zubarwa a bola a manyan garuruwa. Ga naɗin tambura sababbi, ga ledoji, ga kwalbar gam, ga na'urar busar da gashi ta mata wadda yake manne ledar da ita, ga guntayen ƙarfe an yanka su daidai wa daida. A gefen damansa mitata ce, rawaya, allurarta na motsi. Da ita yake ware waɗanda suka mutu murus da waɗanda ke da ɗan sauran numfashi, yadda za su kawo haske a gaban mai saye. Ƙarfena kuma yana jone da wuta, hayaƙin dalma na tashi daga bakinsa.

Ya ɗago ya dube ni, ko gezau. Ya ce, "Ɗana, a gidanku ba a koya maka sallama ba?"

Na watsa masa fasassun batiran a kan teburi. Na ce, "Kawu, mutum biyu sun mutu a sahara."

Ya ce, "Allah ya jiƙansu. Kwana ne ya ƙare."

Na ce, "Batirinka ne ya ƙarar da shi."

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, a natse, kamar muna zancen farashin gero. Ya ce, "Batirina? Ni na sa masa a waya? Ni ɗan kasuwa ne, na sayar. Kai ne mai gyara. Ka gwada kafin ka ba shi?"

Na ce, "Da me zan gwada, mitata tana nan gabanka?"

Ya ce, "Ka tambaye ni na hana ka?"

Ban taɓa jin magana ta soke ni irin wannan ba, don mugun ya faɗi gaskiya. Kuma ya san gaskiya ce, shi ya sa ya faɗa. Tun ranar da ya zo aro ya san abin da yake yi. Ya san mitata ce kaɗai a unguwar da za ta iya tona shi, ya kuma san kunyata ba za ta bar ni in karɓa ba. Ya ɗauke mini ido, sannan ya miƙo mini guba in ba mutane da hannuna.

Ya ci gaba, har da ɗan murmushi. Ya ce in ina jin zafi in tafi wurin shurɗa. In gaya musu ni ne ke gyaran wayar da aka haramta, ba ni da takardar zama, ga kuma direban da ke ratsa iyaka da mutane. Ya ce, "Sai mu ga wanda za a fara rufewa tsakanin ni da ku."

Ban san lokacin da na ɗauki ƙarfen dalmar ba. Na dai ga hannuna a sama, bakin ƙarfen na hayaƙi kusa da fuskarsa, shi kuma ya manne da bango, murmushin ya tafi. Wallahi da niyya na ɗaga. Direban ne ya riƙe mini tsintsiyar hannu. Duk da ramarsa, riƙon kamar na pinsi. Ya ce, "Usta, in ka ƙone shi kai za a ɗaure. Batir nan kuma gobe ya shiga wani mota."

Wannan maganar ce ta dawo da ni. Na zare ƙarfen daga wuta, na ɗauki mitata. Akwai wani kwali a ƙasa cike da waɗanda ya gama haɗawa, an jera su cikin ledojinsu. Na sungume shi. Ya ce ɓarawo, ya ce ɗan da ba shi da albarka, ya kira sunan mahaifina. Ban waiwaya ba.

Kai tsaye muka wuce filin da motocin sahara ke lodi a gefen gari. Rana ta take, direbobi suna zaune a inuwar motocinsu, Larabawa da Tubawa da mutanen Agadas. Na ajiye kwalin a kan wata mota, na fara fasa batiran ɗaya bayan ɗaya ina jera cikinsu a fili. Ban yi dogon jawabi ba, muryata ma ba za ta iya ba. Direban ne ya faɗa musu abin da ya same shi, da Larabci da Hausa. Suka taso suka kewaye mu. Can wani ya koma motarsa ya lalubo nasa batirin daga ƙarƙashin kujera ya miƙo mini. Na haɗa masa ƙwan fitila na ɗora mita. Duk suka sunkuyo suna kallon allurar. Ba a yi minti uku ba ta kwanta.

Daga nan kowa ya tashi ya ɗauko nasa. Har la'asar ina gwaji, gumi na zuba a idona. Mafi yawansu na Jadid ne, kuma mafi yawansu fanko. Akwai wani Batube da ya riga ya gama lodi, mata da yara sun hau saman kaya, da yammar nan zai kama hanya. Nasa biyun duk matattu ne. Ya daɗe yana kallonsu a tafin hannunsa, sannan ya je ya ce wa mutanensa su sauko, ba tafiya yau.

Na ɗauka iyakar abin ke nan, kowa ya ga gaskiya da idonsa. Ashe abin da zai fi ƙona mini rai yana gaba.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci aka aiko kirana gidan shugaban 'yan Nijar a unguwar Hajara. Na tarar da dattawa kusan goma a kan darduma. Kawu yana tsakiyarsu da carbi, idanunsa sun yi ja, yana share hawaye da gefen rawani. Aka nuna mini bakin ƙofa na zauna. Shugaban ya fara magana. Ya ce na tona asirin babba a ƙasar mutane. Ya ce yanzu Larabawa za su ce duk 'yan Nijar macuta ne, za a ƙara matsa wa kowa. Ya ce in da na zo wurinsu da an kashe maganar a cikin gida. Wani ya ce mutumin da ya ba ka wurin kwana ko me ya yi ba a yi masa haka. Wani ya ce yaran yanzu ba su san kara ba. Aka yi ta zagayawa, kowa ya tofa nasa. Ina zaune ina saurare, ina jira in ji wanda zai ambaci tsohon nan ko matar nan ta Tawa. Babu ko ɗaya. Ka ce kaji ne suka mutu a kan hanyar kasuwa.

A ƙarshe shugaban ya ce in taso in durƙusa in ba Alhaji haƙuri, magana ta wuce.

Na ce, "Baba, ina da tambaya. Tsohon da ya rasu, shekara shida yana cikinku, yana sallah a bayanku. A cikinku wa zai je ya gaya wa iyalinsa abin da ya kashe shi?"

Wani ya ce ba wannan aka tara mutane a kai ba.

Na ce, "To ni a kan wannan na zo. Asirin da kuke so a rufa, da gawar mutane ake rufa shi. In na ba shi haƙuri yau, gobe zai koma ɗakin nan ya ci gaba, ku kuma ku je ku yi wa wanda zai mutu nan gaba sallar jana'iza. Ba zan durƙusa ba."

Na tashi na sa takalmina. Ina jin shugaban yana cewa zan gani. Na kuwa gani. Kafin mako ya zagayo Balaraben mai shago ya zo ya ce wanda ya tsaya mini ya janye hannunsa, in kwashe kayana. Mutanen garinmu da muke cin tuwo tare suka daina amsa gaisuwata. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, to haka suka yi da ni. Na tattara turnabis da pinsi da sauran tarkacena a buhu, na koma filin motoci. Direbobin suka kafa mini rumfa da tsohon tamfol, a nan na ci gaba da aiki har na bar ƙasar. Kawu kuwa babu wanda ya taɓa shi. Ciniki ya mutu masa a Sabha, ya rufe shago ya yi arewa. Daga baya na ji wai ya buɗe wani a can, kayan gyara dai yake sayarwa. Ban san ko mutum nawa suka ƙara ɗaukar ledarsa mai sheƙi suka shiga hanya ba, kuma rashin sanin nan yana cikin abin da ke hana fushina kwanciya.

Akwai abu ɗaya da ya rage wanda na kasa yi sai da aka kwana biyu. Wata rana direban yana zaune a rumfata muna shan shayi, ya ɗan murmure, yana shirin komawa hanya don ya kai wa iyalin tsohon nan ƙullin kayansa. Na ce masa, "Ran nan da ka tambaye ni ko na gwada, na ce na gwada. Ƙarya na yi maka. Kunnawa kawai na yi na ga haske."

Ya kurɓi shayinsa, bai dube ni ba. Ya ce, "Na sani, tun a ɗaki na Alhaji na ji. Ni ma na bar hanya babba don kar sojoji su tsayar da ni, shi ya sa ƙane nawa bai gan mu ba. Kai ka ɗauki naka, ni na ɗauki nawa. Alhaji kaɗai ne ya ƙi ɗauka."

Bai ce ya yafe mini ba, ni ma ban roƙa ba, don ba shi ne mai yafewar ba.

Abin da na koya na koye shi da tsada, kuma ba ni na biya mafi yawan tsadar ba. An raine mu a kan kunyar manya, kuma abu ne mai kyau, har yau ina durƙusa wa na gaba da ni. Amma kunya tana da iyaka, iyakarta kuwa inda ran wani ya shigo. Mugu ya fi kowa sanin mai kunya, da ita yake ɗaure shi ya yi aiki da hannunsa. In sana'arka ta sa mutane suna ɗora rayuwarsu a kan maganarka, to farar rigar mai kaya ba shaida ba ce, alherin da ya yi maka jiya ba shaida ba ne. Ka karɓi kayan aikinka ko da za a ce ba ka da kunya, ka gwada da hannunka, ka gani da idonka. In kuwa ba ka gwada ba, ka buɗe baki ka ce ban gwada ba. Da na faɗi haka ran nan, da direban ya nemi wani batirin kafin ya tashi, da tsohon nan ya isa gida.